Ihun yaƙi a soshiyal midiya: shi ke juya kasuwa, ko kasuwa da nata kunnen?

Abu Hanif:
Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna shi da gaske. A watan Yunin 2025 da Amurka ta kai hari kan cibiyoyin nukiliyar Iran, Fordo da Natanz da Isfahan, wlh kwana na yi ina bin X da TikTok, ko'ina ka duba yaƙin duniya na uku ake ta faɗa, ga labarin majalisar Iran ta goyi bayan a rufe mashigin Hormuz, ga taswira ana ta zagaye mashigin da jan layi ana cewa gangar mai za ta kai dala 150. Kasuwa na buɗewa na sayi mai, lokacin Brent, wato ɗanyen man da ake auna farashin mai na duniya da shi, ya taɓa dala 80. Ranar Litinin ɗin nan Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Amurka na Al Udeid a Katar, na ce shikenan yanzu zai tashi, sai kawai na ga farashi yana zubewa, kafin a rufe ya sauka da kusan kashi 7. An harba makami fa, kuma mai ya faɗi! Na yi asarar da har yau nake jin ta. Tambayata, duk wannan ihun da muke yi a waya yana da wata alaƙa da kasuwa kuwa, ko kallon kitse nake wa rogo?

Malam Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri ƙanina. Abin da ya same ka ya samu mutane da yawa a ranar, kuma dalilin a fili yake in ka kalle shi da idon mai sayen mai ba da idon mai kallon bidiyo ba. Mai sayen mai tambaya ɗaya gare shi: gangar da nake jira za ta iso ko ba za ta iso ba? Kusan kashi 20 cikin 100 na man da duniya ke amfani da shi ta Hormuz yake bi, to tsoron da kasuwa ke yi shi ne Iran ta rama ta hanyar tare jiragen dakon mai. Da ta zaɓi ta harba wa sansanin soja makami, kuma ta sanar tun kafin ta harba har Trump da kansa ya fito yana godiya kan sanarwar, sai 'yan kasuwa suka karanta saƙon cewa wannan ramuwar fita kunya ce, ba a taɓa mai ba. Mu a waya wuta muka gani a sararin samaniyar Doha, su kuma jiragen ruwa suka gani suna wucewa lafiya. Washegari aka sanar da tsagaita wuta, Brent ya koma kusan dala 67, ƙasa da inda yake kafin Isra'ila ta fara kai wa Iran hari ranar 13 ga wata.

Ɗan Kirifto:
Malam ban yarda dari bisa dari ba gsky. In babu alaƙa me ya faru a 2013 da aka yi wa shafin kamfanin dillancin labarai na AP kutse a Twitter? Layi ɗaya aka rubuta cewa an samu fashewa a White House kuma Obama ya ji rauni, cikin mintuna Dow, ma'aunin kasuwar hannun jarin Amurka, ya zube da maki sama da 140, dala biliyan 136 suka ɓace daga darajar manyan kamfanonin Amurka da ke cikin ma'aunin S&P 500. Rubutu ɗaya fa kuma ƙarya tsagwaronta. Ko a Mayun 2023 hoton da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira na hayaƙi kusa da Pentagon sai da ya girgiza kasuwa. To yaya za ace ihun waya baya motsa komai

Malam Mai Lissafi:
Ai ban ce ba ya motsa komai ba ɗan uwa, ƙarasa labarin dai. Na 2013 minti nawa ya ɗauka? Kafin a yi minti goma AP ta ce kutse ne, fadar ta ce shugaba lafiyarsa ƙalau, kasuwa ta koma inda take. Na Pentagon kuwa kusan kashi 0.3 ne kawai, hukumar kashe gobara ta yankin na cewa babu wata fashewa komai ya daidaita. Kuma ka lura da wani abu, abin da ya motsa kasuwa a 2013 ba ra'ayin jama'a ba ne, labari ne da ya fito daga shafin da aka amince da shi. Akwai bambanci tsakanin "ga abin da ya faru" da "ga yadda muke ji game da abin da ya faru". Na farkon shi ke da farashi. Abu Hanif na biyun ya saya.

Injiniya:
Bari in sa baki a nan don wannan ɓangaren ya shafi aikina. A waɗannan mintunan na farko yawancin masu saye da sayarwa ba mutane ba ne, manhajoji ne da aka rubuta su riƙa karanta kanun labarai da rubuce-rubucen wasu zaɓaɓɓun shafuka, in suka ga kalmomi irin su fashewa da White House a layi ɗaya daga majiya mai daraja sai su sayar kafin kai ka gama karanta layin. To kai da kake riƙe da waya ba za ka taɓa riga su ba, kafin labari ya zo kan fuskar wayarka ya bi ta hannun dubban mutane, farashin da kake gani ya riga ya haɗiye shi. Ihu bayan hari kenan.

Sai kuma maganar auna yanayin jama'a. An gwada. Wajen 2010 Johan Bollen na jami'ar Indiana da abokan aikinsa sun fitar da bincike suna cewa yanayin rubuce-rubucen Twitter na iya hasashen inda Dow zai nufa da daidaito kusan kashi 87, duniya ta ɗauka da zafi, har wani kamfani a Landan ya buɗe asusun zuba jari a kan wannan dabarar a 2011, bai daɗe ba aka rufe shi, kuma wasu da suka sake gwada lissafin daga baya ba su samu irin wannan sakamakon ba. Matsalar tana da yawa. Manhaja ba ta gane gatse sosai, ba ta gane barkwanci, mutum ɗaya na iya riƙe asusun bogi ɗari, gwamnatocin da ke yaƙin su kansu suna da rundunar masu rubutu. Sannan tun da aka fara sayar da shuɗin maki a X a ƙarshen 2022, kuma daga 2023 ana biyan masu shafi gwargwadon yadda rubutunsu ya ja hankali, tsoratar da mutane ya zama sana'a. Wanda ya ce "da alama abin zai lafa" mutum 50 za su gani, wanda ya ce "an gama da duniya" miliyan za su gani. To in ka auna wannan me ka auna? Ka auna abin da manhajar ta fi son nunawa ne kawai.

Abu Hanif:
Wannan maganar ta ƙarshe ta taɓa ni Injiniya. Don a daren nan wlh ban ga mutum ko ɗaya da ya ce abin zai lafa ba, shi ya sa na ɗauka duniya duka ta yi ittifaƙi.

Injiniya:
Suna nan, ba a nuna maka su ba ne. Ka tsaya kan bidiyon makami na daƙiƙa goma, sai a ƙaro maka goma irinsa.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ba 'yar kasuwar hannun jari ba ce amma ina bin wannan zancen tun ɗazu kuma akwai abin da kuka tsallake. Kuna ta magana kamar mutanen da ke ihu a waya 'yan kallo ne kawai, alhali su ne masu sayen kaya. Ƙaurace wa kayan da aka yi saboda Gaza a ina aka haɗa shi in ba a soshiyal midiya ba? Tun Oktoban 2023 da wakilin McDonald's na Isra'ila ya sanar yana ba sojoji abinci kyauta mutane suka juya wa kamfanin baya daga Masar har Malesiya da Indonesiya, shugaban kamfanin da bakinsa ya amsa a farkon 2024 cewa abin ya taɓa cinikinsu sosai, daga baya suka saye rassa 225 na Isra'ila daga hannun wakilin. Kamfanin Alshaya mai riƙe da Starbucks a Gabas ta Tsakiya ya sallami ma'aikata kusan 2,000 a Maris ɗin 2024. Wannan ba abin minti biyar ba ne, watanni aka yi ana ganinsa a rahoton ciniki. Ni abin da ke ɓata mini rai shi ne a ce wa mutumin da ba shi da bindiga ba shi da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya wai muryarsa hayaniya ce kawai.

Malam Mai Lissafi:
Hajiya kin yi gaskiya kuma na karɓi gyara, na taƙaita maganata kan mai ne na bar wannan. Amma ki duba, misalinki ƙarfafa abin da nake nufi yake yi. Fushin ya yi tasiri ne saboda bai tsaya a rubutu ba, mutane sun daina shiga shagon, kuɗi ya daina shiga aljihun kamfani. Ba wanda zai iya ƙaurace wa gangar Brent ta haka, ko ya sa jirgin dakon mai ya juya da rubutu. Inda masu ihun su ne kwastomomin, ihunsu na da nauyi. Inda ba su ba ne, sai dai ya kaɗa farashi na ɗan lokaci.

Maman Ilham:
To a haka mun daidaita Malam. Sai dai ko ma'aikatan nan 2,000 abin tausayi ne, yawancinsu talakawa ne 'yan ci-rani ba su da hannu a komai, wannan ma yana damuna ban ɓoye ba.

Ɗan Kirifto:
Toh ai a kirifto ma masu ihun sune kwastomomin ai. Daren 13 ga Afrilun 2024 da Iran ta harba jirage marasa matuka da makamai kan Isra'ila ranar Asabar ce, kasuwar hannun jari a rufe kasuwar mai a rufe, kirifto kadai ke aiki, Bitcoin ya fado daga wajen dala 67,000 zuwa kusan 62,000 cikin dan lokaci. Ina zaune ina kallo wlh, duk wanda ke cikin guruf yana rubuta ku sayar ku sayar kuma da gaske sayarwar ake

Malam Mai Lissafi:
Wannan haka yake. Kasuwar da ƙananan 'yan kasuwa suka yi yawa a cikinta, ga shi ba ta rufewa, ga dare ne na ƙarshen mako masu saye sun yi ƙaranci, dole tsoro ya fi saurin kama ta. Ka ƙara da waɗanda suka ci bashin dillali suka ninka jarinsu sau 20 ko sau 50, farashi na sauka kaɗan a rufe musu ciniki da ƙarfi, rufewar ta ƙara tura farashi ƙasa, ta rufe wa na gaba. Rabin faɗuwar da kake gani a irin wannan daren ba ra'ayin kowa ba ne kan yaƙi, bashi ne ke cin masu shi. Kuma ya nuna maka masu cewa Bitcoin mafaka ce lokacin tashin hankali kamar zinare, a daren dai bai nuna haka ba.

Bari in ba ku misalai guda biyu ku ajiye kusa da juna, ni su ne suka gyara mini tunani. Janairun 2020 da Amurka ta kashe Janar Qasem Soleimani a Bagadaza, maudu'in yaƙin duniya na uku ya mamaye Twitter, matasan Amurka suka ruɗe har shafin hukumar rajistar shiga soja ya tsaya saboda cunkoso. Mai ya tashi 'yan kashi kaɗan, Brent ya leƙa dala 70, cikin mako guda ya dawo. To ku kwatanta da hare-haren 'yan Houthi kan jiragen ruwa a Bahar Maliya tun ƙarshen 2023. Bayan makonnin farko mutane nawa ne ke rubutu a kai? Amma manyan kamfanonin dakon kaya sun daina bi ta mashigin Suez na Masar suna zagayawa ta ƙasan Afirka, tafiya ta ƙaru da kwana goma ko fiye, kuɗin ɗauko kwantena daga Asiya zuwa Turai ya ninka, inshorar jirgi ta tashi, Masar kuwa kuɗin da take samu daga mashigin ya faɗo daga sama da dala biliyan 10 a 2023 zuwa kusan biliyan 4 a 2024. Ɗaya ihu mai yawa asara kaɗan, ɗaya shiru-shiru asara ta biliyoyi. Da yawan rubutu ne ma'auni da an samu akasin haka.

Abu Hanif:
Amma Malam Yukren fa? Nan ai ihun da tashin farashin tare suka zo.

Malam Mai Lissafi:
Tare suka zo saboda a nan da gaske kaya ya yanke. Rasha na cikin manyan masu fitar da mai da gas a duniya, ita da Yukren kuma suna fitar da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe, tashoshin Bahar Aswad suka rufe, takunkumi ya biyo baya. Brent ya kai kusan dala 139 ranar 7 ga Maris 2022, alkama ta kafa tarihi a kasuwar Chicago, a Landan ƙarfen nikel ya haura dala 100,000 kan tan ɗaya har aka dakatar da cinikinsa. A Mosko kasuwar hannun jari ta zube da kashi 33 a rana ɗaya, babban bankinsu ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 9.5 zuwa 20. Ko da ba wanda ya rubuta komai a Twitter wannan sai ya faru.

Kuma ko a nan akwai abin da zai ba ka mamaki. Ranar 24 ga Fabrairu, ranar da tankoki suka tsallaka iyaka kuma duniya duka ke cikin firgici, S&P 500 ya buɗe a ƙasa amma ya rufe da ƙaruwar kashi 1.5. Dalili, makonni aka yi Amurka na gargaɗin cewa mamayar na tafe, masu son sayarwa sun riga sun sayar, kasuwar ta riga ta sauka da kashi 10 daga ƙololuwarta kafin a harba harsashi ɗaya. Akwai wasu masana tattalin arziki biyu a babban bankin Amurka, Dario Caldara da Matteo Iacoviello, da suka haɗa ma'aunin haɗarin rikicin ƙasa da ƙasa ta hanyar ƙirga rahotannin jaridu, su ma sai da suka raba shi gida biyu, barazanar yaƙi daban, aukuwar yaƙin daban, don kasuwa ba iri ɗaya take amsa su ba. Sau da yawa jiran abu ya fi abun kansa kaɗa farashi.

Baffa:
Yara ina ta karanta ku kuma na ƙaru, amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Duk wannan lissafin a kan gawarwakin mutane ake yinsa. Ɗana Abu Hanif ba laifinka nake gani ba, amma ka tuna a daren da ka sayi man nan abin da zai ba ka riba shi ne yaƙin ya faɗaɗa. Zuciya kuwa ba ta da wuyar karkata, mutum zai tsinci kansa yana jin daɗin mummunan labari bai sani ba. Na ga yadda hannun jarin kamfanin makamai na Jamus, Rheinmetall, ya ninka ninkin-ba-ninkin tun da gwamnatinsu ta ware yuro biliyan 100 don soja a 2022, na ga matasa suna murna a kai. Sannan shi mai yaɗa labarin da bai tantance ba don a firgita, addini ma ya hana, balle yanzu da muka ji wani na iya rasa jarinsa saboda shi.

Abu Hanif:
Baffa wlh ka faɗi abin da na kasa faɗa. Lokacin da na ga labarin harin Al Udeid abin da ya fara zuwa raina farashi ne, ba mutanen da ke ƙasan makaman ba. Da na natsu abin ya dame ni fiye da kuɗin.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Baffa. Kuma tashin alkamar 2022 da ake kira riba a allon wasu, a ƙasashen da suka dogara da shigo da ita kamar Masar da Labanon burodi ne ya yi wa mutane wuya.

Ɗan Kirifto:
Na ji Baffa kuma na yarda. Amma Malam har yanzu akwai abu daya da nake rike dashi. Yanzu fa shugabannin da kansu a soshiyal midiya suke sanar da abu, tsagaita wutar Iran da Isra'ila a shafinsa na Truth Social Trump ya fara fada. Ranar 9 ga Afrilun 2025 ya rubuta cewa lokaci ne mai kyau na saye, bayan yan awanni ya dakatar da yawancin harajin da ya sa kan kayan da ake shigowa dasu Amurka na kwana 90, S&P ya tashi kashi 9.5 a rana daya. In na kashe waya ai na rasa wannan

Injiniya:
Kwana biyu kafin nan fa, ranar 7 ga wata, wani kanun labari na ƙarya kan wannan dakatarwar ya yaɗu a X, kasuwa ta yi tsalle ta sama, fadar White House ta ƙaryata, ta dawo ƙasa, duk cikin ƙasa da awa ɗaya. Wanda ya bi na ranar 7 ya ƙone, wanda ya bi na ranar 9 ya ci. A fuskar waya kuma kamanninsu ɗaya, sai ka duba daga bakin wa ya fito.

Malam Mai Lissafi:
Ba wanda ya ce ka kashe waya. Shafin mutumin da ke da ikon sa hannu a takarda daban, guruf ɗin da kowa ke tura abin da aka turo masa daban. Ni abin da nake yi in rikici ya tashi, ina duba ko jiragen dakon mai na ci gaba da wucewa, akwai shafukan da ke nuna tafiyarsu a taswira kyauta, ina duba ko kuɗin inshorar jirage ya tashi, ina duba ko an taɓa matata ko bututu ko tashar lodi. Ko harin da aka kai cibiyar sarrafa mai ta Abqaiq a Saudiyya a Satumban 2019 da ya ɗauke ganga miliyan 5.7 a rana, mai ya tashi kusan kashi 15 a rana guda, amma da kamfanin man ƙasar, Aramco, ya gyara cikin makonni kaɗan farashi ya koma. To in wanda ya taɓa mai da gaske ma haka ya ƙare, ina ga wanda bai taɓa ba.

Abu Hanif:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Baffa da kowa. Malam in ba damuwa ka nuna mini yadda ake karanta taswirar jiragen nan, na taɓa buɗe ɗaya na ga ɗigo-ɗigo masu launi kala-kala ban gane wanne ne na mai ba.

Malam Mai Lissafi:
A wadda nake amfani da ita jajayen su ne na dakon mai da gas, korayen na sauran kaya. Ka matso da taswirar kan Hormuz ka ƙirga jajayen yau, gobe ka sake ƙirgawa a daidai wannan lokacin. Sai dai ka sani wasu jiragen kan kashe na'urar da ke nuna inda suke, musamman masu ɗauke da man da aka sa wa takunkumi, don haka ba duka za ka gani ba. In na dawo daga aiki zan turo hoton yadda yake.